Daga Fihirisa Zuwa Rumbun Bayanai: Ma'aikatan Ɗakin Karatu na Jami'a da Rubuce-rubucen Hannu na Afirka ta Yamma

Gabatarwa

A duk lokacin da aka buga littafin tarihi, sunan marubuci ne ke bisa bango, shi ake gayyata taro, shi ake yi wa tafi. Wanda ya nemo takardun da marubucin ya dogara da su, ya kakkaɓe musu ƙura, ya ba kowace lamba, ya rubuta abin da ta ƙunsa, ba safai ake ambatonsa ba, in ma an ambace shi to a layin ƙarshe na shafin godiya. Wannan mutum shi ne ma'aikacin ɗakin karatu.

A shekarun baya-bayan nan wani fanni ya bunƙasa a jami'o'in duniya, wanda masu magana da Faransanci ke kira humanités numériques, wato nazarin adabi da tarihi da harshe ta hanyar amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikinmu in muka ji wannan suna, sai hankalinmu ya tafi ga na'urar kanta da tsadarta, mu ce wannan sai ƙasashe masu hali. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin fannin ta ɓangaren ma'aikatan ɗakin karatu na jami'a, tare da ɗaukar misali daga abin da ya shafe mu kai tsaye, wato rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da magabata suka bari a Afirka ta Yamma. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, hoton shafi ba ya amfanar mai bincike ko ɗalibi sai an yi masa fihirisa, kuma wanda ya rubuta fihirisar shi ke yanke yadda za a nemo littafin da sunan da duniya za ta san shi da shi.

Mafarin al'amarin

Masana sun saba ɗora mafarin wannan fanni a shekara ta 1949, lokacin da wani limamin Kirista ɗan ƙasar Italiya mai suna Roberto Busa ya je Amurka ya gana da Thomas Watson, shugaban kamfanin IBM. Buƙatarsa ita ce a taimaka masa ya jera dukan kalmomin da ke cikin rubuce-rubucen Thomas Aquinas, wani malamin addini na ƙarni na 13, tare da nuna wurin da kowace kalma ta fito. Kalmomin sun kai kusan miliyon 11, kuma a wancan zamani na'ura ba ta karɓar rubutu sai ta hanyar kati masu huji. Aikin ya ɗauki shekara talatin, aka kammala buga shi a 1980 cikin mujalladi 56. Waɗanda suka zauna suna huda katunan, kalma bayan kalma, galibinsu ƴan mata ne da aka horar a garin Gallarate kusa da Milan, kuma sai da aka daɗe kafin masu tarihi su waiwayi aikinsu. Ke nan tun ranar farko, wannan fanni ya tsayu ne bisa aikin mutanen da ba a gani.

A daidai wannan zamani ɗakunan karatu ma suna nasu sauyi. A shekarun 1960 wata mata mai suna Henriette Avram, a babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ta jagoranci tsara ƙa'idar da ake kira MARC, wadda ta ba da damar mayar da katin fihirisa zuwa siffar da na'ura ke iya karantawa: gurbi na sunan marubuci daban, na sunan littafi daban, na shekara daban. Daga nan ne ɗakunan karatu na jami'o'i suka fara musayar fihirisa a tsakaninsu. A 1992 ɗakin karatu na Jami'ar Virginia ya buɗe cibiyar rubuce-rubucen na'ura, inda malaman adabi da tarihi ke zuwa koyon yadda ake shirya nassi domin bincike. A 1995 kuma, a wani taro da aka yi a garin Dublin na jihar Ohio, aka amince da wasu ƴan gurabe, waɗanda daga baya suka kai 15, da za a riƙa cikawa domin bayyana kowane irin abu da aka sa a intanet. Duk waɗannan ƙa'idoji ma'aikatan ɗakin karatu ne suka raine su, kuma da su ne daga baya aka tunkari littattafan magabatanmu.

Ibadan, Zariya da Yamai: zamanin takarda da mikrofim

A yankinmu, aikin tara rubutun hannu a jami'a ya fara tun kafin zuwan kwamfuta. An kafa kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, kuma a shekarun 1950 mataimakin shugaban ɗakin karatunta, W. E. N. Kensdale, ya yi rangadi a arewacin Nijeriya yana neman littattafan Larabci wajen sarakuna da malamai. Tsakanin 1955 da 1958 ya fitar da fihirisar abin da ya tara, ya kuma buga jerin ayyukan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. A lokacin da littattafan makarantun boko ke koya wa yara cewa Afirka ba ta da rubutaccen tarihi, jerin sunayen littattafai kaɗai ya isa hujja.

A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara takardun Larabci a Ibadan. Dabararsa ita ce a ari littafi daga mai shi, a ɗauki hotonsa bisa mikrofim, wato siririn fim mai ɗauke da ƙananan hotunan shafuka, sa'an nan a mayar masa da abinsa. A Zariya kuma Abdullahi Smith ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Littafin Murray Last a kan daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, ya samu ne saboda malamai irin su Waziri Junaidu sun buɗe masa taskokinsu.

A nan Nijar, babban mai wannan himma shi ne Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974. Ya yi amfani da muƙaminsa wajen tara rubuce-rubucen hannu daga sassan ƙasa da ma wajenta, wasu kyauta, wasu saye, wasu kuma kwafe su aka yi domin masu su ba su yarda su rabu da su ba. Wannan taska ita ce tushen sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam, IRSH, wadda aka haɗa da Jami'ar Yamai a 1974. Sashen na riƙe da rubuce-rubuce kusan 4000, kuma gidauniyar Al-Furqan ta birnin Landan ta buga fihirisarsu cikin mujalladai a shekarun 2000. A Yamai ɗin dai aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda aka fi sani da CELHTO, ta tara muryoyin maroƙa da dattawa bisa faifai. Masu tarihinmu irin su André Salifou, da ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, da Djibo Hamani, da ya rubuta na Adar a 1975 da na masarautar Ayar a 1989, sun haɗa rubutaccen tarihi da na baka a ayyukansu. A wancan lokaci ma an gane cewa ajiyar takardu sana'a ce da ake koyo, shi ya sa aka buɗe makarantar EBAD a Jami'ar Dakar a 1967, domin horar da ma'aikatan ɗakin karatu da na gidajen adana takardu na ƙasashe masu amfani da Faransanci.

Sai dai wannan zamani yana da iyakarsa. Fihirisar da aka buga a Landan ko Ibadan ba ta isa Tasawa ko Madawa, mikrofim kuma sai da injin karanta shi. Mai binciken da ke son kwatanta kwafi biyu na littafi ɗaya, ɗaya a Yamai ɗaya a Kaduna, dole ya nemi kuɗin mota da masauki.

Fihirisa ta shiga na'ura

Matakin farko na na'ura a wannan fage bai shafi hoto ba, fihirisa ya shafa. A ƙarshen shekarun 1980 Charles Stewart na Jami'ar Illinois, bayan ya ɗauki mikrofim na wata babbar taskar iyali a garin Butilimit na Muritaniya, ya ga cewa katunan takarda ba za su iya ɗaukar aikin ba. Sai aka tsara rumbun bayanai mai harshe biyu, Larabci da Ingilishi, aka riƙa zuba masa fihirisoshin wurare daban-daban, har da na Yamai da Tumbutu. A shekarun 2000 bayanan da ke ciki sun kai kusan 20,000, daga baya kuma ɗakin karatu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya karɓi riƙonsa. Wannan ya ba da damar yin tambayoyin da ba su yiwuwa a da: waɗanne littattafai ne ake samu a kowace taska daga bakin tekun Atlantika zuwa tafkin Cadi? Daga amsar wannan tambaya masana suka iya fitar da manhajar karatun zaure ta yankin gaba ɗaya, suka nuna cewa almajirin Kano da na Muritaniya littattafan fiƙihu da nahawu iri ɗaya suke biyawa.

A Jami'ar Northwestern, inda Hunwick ya koma da koyarwa, ɗakin karatu na Herskovits da aka kafa a 1954 na riƙe da taskar Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962. Takardunsa sun haura 3000, akwai Larabci akwai ajamin Hausa. Darajar wannan taska ita ce ta nuna ɗakin karatun malami ɗaya ɗungurungum, da littattafansa da wasiƙunsa da laƙanoninsa, kuma ba a iya ganin haka sai da aka bi takardun ɗaya bayan ɗaya aka rubuta bayaninsu. Manyan mujalladan da Hunwick ya fitar a kan marubutan Larabci na Afirka, na 1995 mai magana a kan Sakkwato da Kano da Katsina da Barno, da na 2003 mai magana a kan Tumbutu da yammacinta, an gina su ne bisa irin waɗannan fihirisoshi.

Misalin da ya fi nuna muhimmancin fihirisa shi ne na taskar Segu. A 1890 sojojin Faransa ƙarƙashin Kanal Archinard suka ci birnin, suka kwashe littattafan gidan Alhaji Umaru Tal zuwa Faris, aka ajiye su a babban ɗakin karatu na ƙasar. Littattafan sun kusan shekara ɗari a can, ba mai sanin abin da ke cikinsu daki-daki, sai a 1985 da Noureddine Ghali da Sidi Mohamed Mahibou da Louis Brenner suka fitar da cikakken jerinsu. Daga baya aka sa hotunan wasunsu a Gallica, rumbun intanet da ɗakin karatun ya buɗe a 1997. Littafin da ke kan kanta ba tare da bayani ba, da shi da wanda ya ɓata kusan ɗaya ne ga mai bincike.

Zamanin hoto

Da kyamarar zamani ta yi araha a farkon ƙarnin nan, sai aikin ya canza salo. A 2004 babban ɗakin karatu na Ingila, da tallafin gidauniyar Arcadia, ya buɗe shirin ceton takardun da ke cikin haɗari. Ƙa'idar shirin ita ce asalin takarda ba ya barin ƙasarsa: a ɗauki hoto a wurin, a bar kwafi ɗaya a wata cibiya ta ƙasar, a aika ɗaya Landan a sa a intanet kyauta. In aka tuna da abin da ya faru a Segu, za a ga tazarar da aka samu. Ta wannan shiri aka ɗauki hotunan littattafan garin Jenne na Mali da wasu takardu na arewacin Nijeriya.

Abin da ya faru a Tumbutu ya nuna cewa haɗarin ba zance ba ne. Cibiyar Ahmad Baba, wadda aka buɗe a 1973, ta faɗa hannun ƴan bindiga a 2012, kuma a watan Janairu na 2013, lokacin da suke ficewa, an ƙone ko an sace rubuce-rubuce fiye da 4000. Mafi yawan littattafan birnin sun tsira ne domin ma'aikatan cibiyar da masu taskokin iyali, cikinsu har da Abdel Kader Haïdara, sun fitar da su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. A can ne wani ɗakin karatu na Jami'ar Saint John da ke jihar Minnesota, wanda limaman Kirista suka kafa a 1965 domin ɗaukar hoton tsofaffin littattafan Turai, ya haɗa hannu da ƴan Mali wajen ɗaukar hotunan shafukan. Ɗaukar hoton ta yi sauri, amma rubuta bayanin kowane littafi shi ne aikin da ya fi cin lokaci.

A ɓangaren ajami, aikin Jami'ar Boston ya cancanci a tsaya a kansa. Farfesa Fallou Ngom, ɗan ƙasar Senegal, ya daɗe yana kokawa cewa a ɗakunan karatu da yawa ana ajiye takardun ajami a matsayin Larabcin da ba ya karantuwa, domin mai fihirisar ya san haruffan amma bai san harshen ba. Daga 2011 ya fara tara hotunan rubutun ajami na Wolof, daga baya na Mandinka da Fulatanci da Hausa da wasu harsuna. Rumbun da ke riƙe da su na ɗakin karatun jami'ar ne, kuma ma'aikatansa ne suka tsara guraben bayani, suka horar da masu ɗaukar hoto a Senegal. Ɗaya daga cikinsu, Eleni Castro, ta rubuta maƙala tare da Ngom a 2019 a kan takardun Mandinka na Kasamas. A nan ma'aikaciyar ɗakin karatu ta fito daga shafin godiya ta hau shafin farko.

Mene ne ainihin aikin?

Domin kada maganar ta tsaya a jerin sunaye da shekaru, bari mu duba abin da ma'aikacin ɗakin karatu ke yi in an ajiye gafaka a gabansa.

Abu na farko shi ne jeri. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke su ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, kuma sau da yawa ba su da lambar shafi. Abin da ke nuna jerinsu shi ne kalmar da mai kwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafi na gaba. In aka ɗauki hoto ba a duba wannan ba, an adana hargitsi ke nan har abada. Haka kuma gafaka ɗaya kan ƙunshi littattafai biyar ko goma, sai an gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Na biyu shi ne suna. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Marata cikin ƙasar Gobir a 1754, Bafaranshe zai rubuta shi Ousmane dan Fodio, Baturen Ingila ya rubuta Uthman b. Fudi, Balarabe ya ce Ibn Fudi. Waliyyin Katsina da muke kira Ɗan Marina, a littattafan Larabci Ibn al-Sabbagh ne. Na'ura ba ta san waɗannan mutum ɗaya ba ne sai an faɗa mata. Ma'aikatan ɗakin karatu ne ke riƙe da kundin daidaita sunaye, inda ake haɗa dukan siffofin suna ɗaya ƙarƙashin lamba ɗaya. In sunan Hausa bai shiga wannan kundi ba, ɗalibin da ya rubuta Ɗan Marina a gurbin nema zai tashi hannu wofi, alhali littafin na nan.

Na uku shi ne shekara. Marubutanmu kan ɓoye shekarar hijira cikin ramzi, wato kalmar da in aka haɗa lissafin haruffanta sai ta ba da shekarar, kuma lissafin haruffa na Magrib da muke bi ya saɓa da na Gabas a wasu haruffa. In babu ramzi, ana ɗaga takardar a haske a duba tambarin masana'antar da ta yi ta, kamar tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya da suka riƙa ratso Sahara.

Na huɗu shi ne haruffa. Rubutunmu na bin tsarin Warshu: fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a bisa, ga kuma ɗigon imala da ke ba da wasalin e. Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa a na'ura, ya fara a 1991, amma sai a 2005 aka ƙara wani rukuni na haruffan ajamin Afirka, aka sake ƙara wasu a 2016 da 2020. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda ke kwaikwayon hannun Kano. Ko a boko ma, duk wanda ya taɓa neman kalma mai ƙ ko ɗ ko ƴ a rumbun da ba a tsara shi da Hausa a zuciya ba ya san wahalar. Akwai manhajojin da ake koya wa karanta rubutun hannu, amma ba su koyo sai an ba su ɗaruruwan shafuka da mutum ya riga ya kwafe daidai, kuma mutumin da zai kwafe ajamin Hausa daidai yana cikin zaurukanmu.

Na biyar shi ne amana. Ba kowace takarda ce mai ita ke son duniya ta gani ba: akwai asirin magani, akwai takardun gado da na bashi, akwai waɗanda ke ambaton asalin wasu gidaje. Dole a nemi izini a rubuce, a bayyana wa mai littafi inda hoton zai tafi. Bayan haka sai adana hoton kansa, domin shi ma yana da tasa gara. A watan Oktoba na 2023 ɓarayin intanet suka kai hari babban ɗakin karatu na Ingila, fihirisarsa da rumbunansa suka rufe na tsawon watanni. Wanda ya dogara da kwafin Landan kaɗai ya zauna jira. Shi ya sa ƙa'idar ma'aikatan ita ce kwafi uku aƙalla, a wurare daban-daban, a kuma riƙa duba su lokaci-lokaci.

Ta fuskar koyarwa

A jami'o'in da wannan fanni ya kafu, ma'aikacin ɗakin karatu kan shiga aji tare da malami. Yana koya wa ɗalibai yadda ake nema a rumbu, da yadda ake tantance sahihancin abin da aka samu, da yadda ake ambaton madogara. Wani lokaci aikin zangon karatu gaba ɗaya shi ne a ba kowane ɗalibi takarda ɗaya ya kwafe ta, ya rubuta bayaninta, a duba, a zuba a rumbun jami'a, ta yadda aikin ɗalibi ba zai ƙare a kwandon shara ba. A shirin da Jami'ar Boston ta fara a 2019, an zaɓi wasu nassoshin ajami na Hausa da Wolof da Fulatanci da Mandinka, aka jera hoton shafi da kwafinsa cikin boko da fassararsa zuwa Faransanci da Ingilishi, domin malami ya iya shiga aji da su.

Wannan ya shafe mu, mu malaman kolej da lise. Tun 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kukan malaman harshen gida ɗaya ne: ƙarancin abin karantawa. An daidaita ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar a 1999, kuma a 2025 kundin tsarin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma doka ba ta haifar da nassi. Ɗalibin da aka nuna wa wasiƙar da wani alƙali ya rubuta shekara ɗari da suka wuce, ya karanta ta da bakinsa, ya gano yadda aka rubuta harshensa kafin zuwan boko, ya koyi tarihi da nahawu da tantance hujja a darasi ɗaya. Malamin Faransanci ma na da rabonsa, domin fassara daga ajami zuwa boko zuwa Faransanci horo ne da ya fi yawancin jimlolin da muke ƙirƙirowa bisa allo.

Kammalawa

Daga Kensdale zuwa Bubu Hama, daga mikrofim zuwa rumbun Berkeley da na Boston, kayan aiki sun sauya sau da yawa, amma aikin bayyana littafi na nan yadda yake, kuma shi ne mafi tsada. Wani abin lura shi ne yawancin rumbunan da aka ambata a nan suna wajen Afirka. Ba laifi ba ne a gode wa waɗanda suka yi, amma muddin a can ake rubuta fihirisa, to da harshensu da tambayoyinsu za a rubuta ta.

Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda aka kafa a 2010, biyu daga cikinsu na ɗauke da sunayen masu tarihi, André Salifou da Djibo Hamani, kuma suna zaune ne a tsakiyar garuruwan da gafakoki ke cike da takardu. Abin da ya kamata ƙungiyoyin al'adu su nema daga gare su shi ne a ɗauki ma'aikatan ɗakin karatu masu horo, a ɗauke su a matsayin abokan bincike, a kuma haɗa su da malaman zaure masu karanta ajami, a biya waɗannan malamai hakkinsu, a rubuta sunayensu cikin fihirisa.

Kafin a kai can, akwai abin da kowace ƙungiya za ta iya farawa da shi da littafin rubutu ɗaya da wayar hannu. Ga kowane rubutu a rubuta sunan mai shi da garinsa, da harshen da aka yi shi da shi, da yawan warƙoƙinsa, da layinsa na farko da na ƙarshe, da sunan mawallafi da na mai kwafi in akwai, da shekara yadda aka rubuta ta. A nemi izinin mai shi a rubuce, a ɗauki hoto bi da bi ba tare da tsallake shafi ba, a ba kowane hoto lamba, a bar wa mai littafi kwafi, a kai ɗaya ɗakin karatu na jami'a mafi kusa, ɗaya kuma IRSH. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma dattawan da suka san wanda ya rubuta wace takarda suna raguwa kowace damina, tare da takardun da ɗigar ruwa da gara ke ci.